Gidan ƙasa ba gidan talauci ba ne

Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa da ya samu fili a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, burinsa ɗaya ne: bulon siminti da rufin kwano. Yakan lissafa buhunan siminti da ƙarafa, amma ya manta da watan Afrilu da na Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kwano na kwasar zafin rana ya juye shi cikin ɗaki, siririn bulo kuma ba ya tare shi. Daga nan sai fanka da na'urar sanyaya ɗaki, sai takardar Nigelec ta riƙa cin albashi. Ranar da wuta ta ɗauke kuwa, kamar a shekarar 2023 sa'ad da Najeriya ta yanke layinta, iyali sai kwanan tsakar gida.

Bangon ƙasa mai kauri aikinsa dabam ne. Yana shanye zafi a hankali da rana, ba ya sakinsa sai dare ya raba, iska ta yi sanyi. Ƙasar kuma ba daga waje ake sayo ta ba.

Masu cewa ƙasa ba ta da daraja su dubi masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya kuma ci lambar Aga Khan a 1986. A Yamai, a 2016, Mariam Kamara da abokan aikinta sun kammala gidaje 6 masu bene da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Tsadar azara ma ba hujja ba ce: tun 1980 aka fara koya wa magina a ƙauyen Cikal rufin ƙasa mai ƙubba, ba itace ko ɗaya.

Sai dai ƙasa na da maƙiyi, shi ne ruwa. Dole tushe ya zama na dutse ko siminti, indararo ya yi tsawo, a duba yaɓe kafin kowace damina. Tagogi su fuskanci arewa da kudu, su dubi juna don iska ta ratsa, a dasa itace a gefen yamma.

Abin da ya rage shi ne kunyar maƙwabta. Amma maƙwabcin da zai ce wane ya gina gidan laka, ba shi zai biya kuɗin wuta ba a ƙarshen wata.