Adalci Tsakanin Mai Sihiri da Mai Takobi

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, wasan da abokai ke zama kewaye da tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumin tatsuniya, ba a rabu da mas'ala guda ba: mai sihiri yakan fara da rauni, amma da zarar darajarsa ta ɗaukaka, sai kalma ɗaya daga bakinsa ta gama yaƙin da mai takobi zai yini yana gumi a kansa.

A ganina, alƙalin wasa, wato mai jagorantar zaman, yana da haƙƙin kafa dokokin gida, bisa sharaɗin kada ya haramta abin da littafin dokokin wasan ya halatta, domin yin haka zalunci ne ga wanda ya gina jaruminsa bisa amana. Abin da ya fi maslaha shi ne ya mai da dogon hutu, wanda sihiri ke sabuntuwa bayansa, ya zama kwana bakwai maimakon sa'a takwas, kamar yadda littafin jagoran alƙalan wasan na 2014 ya yarje, ta yadda sihiri zai zama guzuri mai ƙarewa wanda tilas a yi tattalinsa, takobi kuwa ya sami ranarsa.

Alƙalan wasa, ku yi shawara da jama'arku, a sami ijma'i tun kafin zaman farko.