Wasiƙa zuwa ga Yayana a Tamanrasset, kan idon Auta

Yaya,

Yaya sanyin Ahaggar bana? Inna tana gaishe ka, ta ce saƙon dabino ya iso, Allah Ya yi albarka.

Maganar ɗanka Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma na zaɓi in yi ta a fili don na san ba gidanka kaɗai ta shafa ba. A unguwannin Tahaggart da Gat'al Wad akwai gidajen Hausawa da za su ga kansu a ciki. Mahaifiyar Auta ta shaida mini cewa tun da likita ya ce yana da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, ka ɗora wa kanka wani aiki. Idan ka dawo daga kasuwa sai ka zaunar da shi, ka riƙe haɓarsa, ka ce "Kalle ni," ba ka sakinsa sai idonsa ya shiga naka. Ta ce a makaranta ma haka ake yi masa. Na san ƙauna ce ta kawo haka. Kana tsoron ya girma a ƙasar mutane ana yi masa kallon wawa ko maras gaskiya. Duk da haka ina roƙonka, don girman Allah, ka sakar masa haɓa.

Yaran da aka yi wa irin wannan horo jiya sun girma, da yawansu kuma sun buɗe baki. Wani Ba'amurke, John Elder Robison, ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2007, sunan da ya raɗa wa littafin kuwa umarnin nan ne da ya tashi yana sha daga manya, wai ya dube su cikin ido. Idan ka saurari irinsu, wasu za su ce maka zafi suke ji, kamar an dalle musu tocila cikin duhu. Wasu tsoro ne ke turnuƙe su, ko da fuskar ta wanda suka fi so ce. Wasu kuma, wannan nake so ka riƙe da kyau, ba sa iya haɗa kallo da saurare. Da zarar sun kafa ido a kan ido sai maganar ta watse, baki kawai suke gani yana motsi. Ka ga ke nan, a daidai lokacin da zuciyarka ta yi sanyi don Auta ya dube ka, mai yiwuwa a lokacin ne ya daina jin abin da kake faɗa.

Masana sun bi diddigin wannan. A 2005, Kim Dalton da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin suka haɗa na'urar bin motsin ido da ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suka tarar cewa gwargwadon daɗewar mai otizim yana kallon idon fuskar da aka nuna masa, gwargwadon yadda amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fargaba, ke ƙara tashi. A 2017, Nouchine Hadjikhani a Boston ta sa alama a daidai idanun hotuna don kallon ya tsaya a nan, sai tashin ya wuce kima, musamman a fuska mai tsoro, har ma a mai murmushi. Ba duka ne suke ɗaya ba. A shekarar dai, masu bincike a Atlanta sun duba yara masu otizim 'yan shekara biyu suka ga su ba gudun ido suke yi ba, idon ne bai faɗa musu komai ba tukuna. Ko Auta na cikin waɗanda ido ke ƙonawa, ko na cikin waɗanda bai dama ba, riƙe haɓa ba ya koya masa ma'anar kallo. Abin da yake koya masa shi ne zama da Baba wahala ce.

Kau da ido ma ba na masu otizim kaɗai ba ne. Gwyneth Doherty-Sneddon ta yi shekaru tana nazarin yara a Sikotlan, ta nuna cewa yaro lafiyayye kan kau da kai idan tambaya ta yi tsauri, kuma 'yan shekara biyar da aka koya wa yin hakan sun fi ba da amsa daidai. Kai kanka idan kana lissafin dinari zuwa sefa, rufin shago kake kallo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, Yaya, mu ne fa. Yaushe Bahaushe ya fara auna tarbiyya da haɗa ido? Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa ganin ka tsaya ka zuba masa ido ba. Tsugunawa kake yi, kai a sunkuye, kana wasa da bakin tabarma, kuma babu kalmarsa ɗaya da ta wuce ka. Ɗalibi a gaban malaminsa haka, suruki a gaban surukansa haka, amarya haka. Yaron da ya kafe babba da ido kuwa, tsaurin ido muke cewa ya yi. Dubi maƙwabtanka Abzinawan Ahaggar: namiji yakan ƙara jan amawali sama idan surukinsa ko wani dattijo ya iso, ya rage abin da ake gani na fuskarsa, ya sassauta kallo, kuma a wurinsu wannan ne cikar mutunci. Zaman shayi fa? Mutane a jere ko a kewaye, ido na kan garwashi da buta da kumfar kofi, hira na gudana tun daga zagaye na farko har na uku, ana ƙulla ciniki, ana sasanta rigima, ana neman aure. Dokar nan ta cewa mai gaskiya sai ya dubi tsakiyar idonka, ba a gidanmu aka haife ta ba. Ɗanka ya yi sa'ar faɗowa cikin al'ummomi biyu da suka san a ji magana ba tare da an kafe juna da ido ba. Kada mu ƙwace masa wannan sa'ar da hannunmu.

Sai dai al'adar nan tana da nata tarkon, kuma saboda sauran iyaye nake faɗa. Da yake muna son yaro mai sunkuyar da kai, mai otizim yakan daɗe a cikinmu ana yabonsa da kunya, har lokacin da taimako ya fi amfani ya wuce. Daga baya idan magana ta ƙi fitowa sai a koma cewa iska ce ta taɓa shi. Bambancin a fili yake ga wanda ya lura. Yaro mai kunya yana sunkuyar da kai ga baƙo da babba, amma yana kallon uwarsa sarai, yana waiwayowa idan an kira sunansa, yana nuna mata jirgi da yatsa ya dubo ta ko ta gani. Warren Jones da Ami Klin sun nuna a 2013 cewa jariran da daga baya aka gano suna da otizim sun soma da kallon ido kamar kowa, sai ya riƙa raguwa tsakanin wata biyu zuwa shida. Jaririn wata shida bai san kunya ba. Uwar da ta ga haka ta nemi likitan yara, a duba kunne, a duba sauran alamu, kada ta jira ya shiga makaranta.

Yanzu ga abin da na san yana hana ka barci. Tamanrasset gari ne da baƙo ke yawan haɗuwa da mai tambayar takarda, kuma kowa ya san hanyar iyaka ta In Gezzam zuwa Assamaka da yadda ake mayar da baƙi ta can. Saurayin da aka tsayar yana kallon gefe, yana jinkirin amsa, ana iya ɗaukarsa mai ɓoye wani abu. Ban raina wannan tsoron ba ko kaɗan. Manya masu otizim suna da dabarun irin wannan wuri. Wani yakan dubi tsakanin girar mutum ko karan hancinsa ko goshinsa, mai magana ba ya ganewa. Wani bakin yake kallo, abin da ke taimaka masa ma wajen kama kalmomi, balle yaron da ke jin Hausa a gida, Larabci a aji, Tamashek a layi. Wani yakan ɗago ya duba lokacin sallama, ya sauke, ya sake ɗagowa idan zai amsa. Wani tabarau mai duhu yake sawa, wanda a ranar Sahara babu mai tambayarsa dalili. Wanda ya fi samun sauƙi shi ne wanda ya iya faɗa tun farko: "Ina jin ka, kallon ido ne yake mini wuya." Idan Auta ya ƙara wayo a koya masa waɗannan cikin wasa da lallashi, da wannan jimlar a harsunan garin, a kuma samo masa takardar likita ya riƙa yawo da ita.

Amma ka sani dabarun nan suna da tsada. Masu yinsu sun ce suna wuni suna ƙirga daƙiƙu a zuci, yaushe zan duba, yaushe zan kau da kai, su dawo gida a gajiye liƙis, wasu har damuwa ta kwantar da su. Don haka na waje ne, na shingen bincike da ofis da gaban baƙo. A cikin gidan ubansa bai kamata ya biya wannan kuɗin ba.

Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin Auta sai an tambayi wasu wuraren. Mahaifiyarsa ta ce idan ya ji ƙarar babur ɗinka tun daga kan kwana yake zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa kofin shayinka. Ka zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ku dubi abu ɗaya. Ka tafi da shi shago ya jera maka kaya, tunda yana son jeri, ka yi masa magana hannunku na aiki. Ka kira sunansa, ka faɗi magana gajera, ka ba shi lokaci kafin ka maimaita. Idan kana son sanin ko ya ji, ka ce ya yi abin ko ya maimaita shi. Ran da ya ɗago ya dube ka don kansa, ka amsa da murmushi kawai, kada ka mai da abin biki har ya tsorata.

Malaminsa kuma ka je ka same shi da kanka, cikin girmamawa, ba a gaban yara ba. Ka roƙe shi ya zaunar da Auta a gefen gaba inda hayaniya ta yi sauƙi, ya bar shi ya dubi allo ko littafi lokacin da ake yi masa tambaya, ya auna shi da amsarsa. Idan likitan da ya duba shi zai rubuta 'yan layuka a kan haka da Larabci, ka kai masa, ya fi bakinka nauyi a wurinsa. Ka kuma tambayi likitan inda za a samu mai koyar da magana a nan kusa, tunda Aljiyas tafiyar kusan kilomita 2,000 ce, ba wurin zuwa kowane wata ba.

Ka gaishe mini da mahaifiyarsa da kyau, ka ce mata ta riƙa samun hutu. Ka shafa mini kan Auta idan ya yarda a taɓa shi ranar. Ina jiran amsarka ta hannun direban da ya kawo dabinon.

Ƙanwarka,
daga Maraɗi