Kana ina ranar Inates? Su wa ake tambaya, su wa aka bari

Duk fadar da ka zauna a Maraɗi ko Damagaram, in hira ta yi nisa har aka taɓo ranar 11 ga Satumba 2001, za ka ga masu ɗan shekaru sun gyara zama. Talata ce, kuma jirgin farko ya daki benen birnin Niyok wajen ƙarfe biyu saura kwata agogonmu, ana haramar azahar. Wannan ya ce yana rumfarsa a kasuwa, wancan ya ce yana tasha kunnensa manne da rediyo, wani kuma gidan maƙwabci mai talabijin ya ruga. Kusan mutum 3,000 suka mutu a ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba, amma har rigar da muka sa a ranar muna iya faɗi.

Mu ma mun sami tamu ranar. A wata Talatar, 10 ga Disamba 2019, aka afka wa sansanin sojojinmu na Inates cikin jihar Tilaberi, kusa da iyakar Mali, aka kashe 71. Shugaba Mahamadu Isufu ya katse tafiyarsa ta Masar ya dawo, aka yi zaman makoki na kwana uku. Wanda ya ga hoton gawawwakin nan jere, lulluɓe da tutar ƙasa a sansanin sojan sama na Yamai, ba ya mantawa. Wata ɗaya bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, sai Shinagodar: sojoji 89. Allah ya jiƙan su.

To jama'a, ga abin da ke damuna. In aka ce "kana ina?", mu na nesa ne ke amsawa, mu da labari ya iske muna shan shayi. Waɗanda abin ya faɗa kansu, ba mai zuwa ya tambaye su.

Ku gwada wannan. Tambayi ɗan boko a Yamai inda yake ranar 2 ga Janairu 2021. In ya tuna, zai ce yana jiran hukumar zaɓe ta CENI ta faɗi sakamakon zagayen farko. A wannan ranar ce aka kashe kimanin mutum 100, fararen hula, a ƙauyukan Comabangu da Zarumdarai. Tambaye shi 21 ga Maris na shekarar. Zai ce ai ranar ce kotun tsarin mulki ta tabbatar da nasarar Bazum Mohamed. A ranar nan kuma ƴan bindiga bisa babura suka bi Intazayen da Bakorat da Wistan, a yankin Tiliya cikin jihar Tawa, suka kashe mutum 137 bisa ƙididdigar gwamnatin lokacin. Ranakun sun zauna a kanmu da sunan siyasa, mamatan kuwa sun zama lamba. Matar da ta ɓoye ɗanta a ranar, da dattijon da ya yi jana'iza har hannunsa ya gaji, su ma suna da amsar "kana ina?", kuma tasu ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce a bari sai hankali ya kwanta, ai irin wannan ba ya gogewa daga zuciya. Zafin ba ya gogewa, wannan gaskiya ne, amma labarin yana sauyawa. A Janairun 1986, washegarin fashewar kumbon Challenger, wani malamin nazarin tunani a Amurka, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai suka rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara uku aka sake tambayarsu. Da yawa suka ba da labari daban da wanda suka rubuta da hannunsu, alhali suna da tabbacin ba su yi kuskure ba. Kenan kowace shekara da ta wuce, wani abu na zubewa: wa ya fara gani, ta ina aka shigo, wa aka nemi agaji wurinsa, yaushe ya iso. Kuma waɗannan su ne tambayoyin da gobe za a buƙata, in ana son sanin inda aka yi sake.

Amurkawa sun gane haka tun tuni. Washegarin harin Pearl Harbor a 1941, ma'aikatan babban ɗakin karatu na majalisarsu suka sa aka ɗauki muryoyin talakawa a kan titi. Bayan 11 ga Satumba suka sake yin haka. Yau sunayen mamatan na sassaƙe a inda benayen suka tsaya, kuma duk shekara iyalai na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ba cewa nake mu kwaikwayi gininsu ba, ba mu da wannan kuɗin. Ɗaukar murya kuwa, wayar salula ta isa.

Kuma ba baƙon aiki ba ne a gare mu. A Yamai cibiyar CELHTO take, wadda tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka, ga kuma cibiyar bincike ta IRSH. Ƙasar da ta ajiye muryoyin maroƙa da dattawa kan sarakunan da suka shuɗe, me zai hana ta ajiye muryar gwauruwar sojan Inates? Ga gidajen rediyon karkara, ga ɗaliban jami'o'in Tawa da Tilaberi da Difa masu jin Tamajak da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci.

Akwai haɗari, ban musa ba. A wasu yankunan, wanda ya yi magana da rana yana iya samun baƙi da dare. Saboda haka sai a ɓoye suna, a rufe faifan zuwa wasu shekaru in mai shi ya so, kada kuma a tilasta wa kowa fama mikinsa. A fara da waɗanda suka riga suka baro garuruwansu suna zaune a Ayoru da Walam da Abala, da iyalan sojoji da ke cikin unguwanninmu. Da yawansu tsofaffi ne, kuma tun 2019 wasu sun riga mu gidan gaskiya ba wanda ya zauna ya saurare su.