Takardun fitar da katako: dokokin Kamaru na ƙara tsauri, ƙananan 'yan kasuwar arewa na cikin tsaka mai wuya

Ranar 1 ga watan Janairun 2028 ce ƙasashen ƙungiyar CEMAC, wato Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Ikwatoriyal Gini da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suka tsayar domin daina fitar da gumagumai zuwa ƙasashen waje ba tare da an sarrafa su ba. Ba wannan ne wa'adin farko ba. A shekarar 2020 aka yanke shawarar, aka ce za ta fara aiki a farkon 2022, sai aka ɗage zuwa 2023, daga nan kuma aka tura ta 2028. Mai jin wannan tarihin zai iya cewa maganar fatar baki ce kawai. Amma wanda ke bibiyar abin da ke faruwa a ma'aikatar gandun daji ta Kamaru ya san cewa, ko da wa'adin ya sake gocewa, ƙofar tana rufewa sannu a hankali, ta hanyar haraji da takardu.

Harajin fitar da gungume, wanda bai kai kashi 20 cikin ɗari na ƙimarsa ba shekaru goma da suka wuce, ya kai kashi 60 a 2023, ya kuma hau zuwa kashi 75 a 2024. A wannan shekarar ce ministan gandun daji Jules Doret Ndongo ya sa hannu a kan umarnin da ya hana fitar da nau'o'in itatuwa fiye da 70 a matsayin gungume. A watan Yulin 2024 kuma ƙasar ta samu sabuwar dokar gandun daji, wadda ta maye gurbin ta 1994 da aka yi shekara talatin ana aiki da ita.

Dalilin gwamnatocin ba ɓoyayye ba ne. Gungumen da ya bar tashar Duwala ko Kiribi zuwa ƙasar Sin ko Biyetnam, a can ake tsaga shi, a can ake busar da shi, a can ake yin ƙofa da kujera, a can kuma ake biyan albashin ma'aikata. Gabon ce misalin da kowa ke bugun ƙirji da shi: ta hana fitar da gungume tun 2010, ta kafa yankin masana'antu na Nkok kusa da birnin Libarabil, yau tana cikin manyan masu fitar da siraran fallayen katako a duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa a shekarun farko baitulmalin Gabon ya ji jiki, kuma tana da kuɗin man fetur da ta jingina a kai. Tsoron irin wannan giɓi ne ya sa Kamaru da maƙwabtanta ke ta jan ƙafa.

Kafin katako ya hau jirgin ruwa a Kamaru bisa doka, akwai jerin takardu da ke bin sa tun daga daji. Mai yanka sai ya samu amincewar hukuma a matsayin ɗan sana'ar gandun daji. Sai ya mallaki izinin wani yanki takamaimai: ko dai babban fili da ake bayarwa na tsawon shekaru, ko ƙaramin izinin da ake kira "vente de coupe" wanda bai wuce hekta 2,500 ba, ko kuma dajin al'umma wanda iyakarsa hekta 5,000. Kowace bishiya da aka kayar ana rubuta ta a kundin wurin aiki, a buga mata lamba. Motar da ta ɗauko ta tana tafiya da takardar rakiya, "lettre de voiture", mai nuna inda kayan suka fito da inda za su. A bakin teku kuma mai fitarwa yana buƙatar rajista a matsayin mai fitar da katako, da takardar da ke fayyace nau'i da yawan kayan, da shaidar lafiyar tsirrai, sannan ya je ga jami'an duwan. Yanzu ana so duk wannan ya bi ta na'urar kwamfuta ta ma'aikatar, wadda ake kira SIGIF 2.

Kamfanin da ke da ofishi a Duwala da lauya da akanta, wannan duk aikin yau da kullum ne a gare shi. Da shi aka auna tsarin tun farko. Matsalar ita ce ba duk katakon da ke barin Kamaru ne ke bi ta teku ba.

Akwai wata hanyar da ta nufi arewa, wadda duk mai sayar da katako a Garwa, Marwa ko Njamena ya san ta kamar yunwar cikinsa. Farin katakon ayus, wanda kafintoci ke rufin ɗaki da yin allon zuba kankare da shi, yana fitowa ne daga dazuzzukan jihar Gabas, wajen Bertuwa da kewaye. Ana loda shi a jirgin ƙasa a Belabo zuwa Ngawundere, inda layin dogo ya ƙare, ko a dauko shi a tirela kai tsaye. Daga nan sai Garwa, Marwa, Kusiri, a haye gadar Ngeli a shiga Njamena. Wani kuma ya karkata zuwa kasuwannin arewa maso gabashin Najeriya. 'Yan kasuwar da ke riƙe da wannan hanya galibi mutanen arewa ne, Hausawa da Fulani da sauransu, waɗanda a kudancin ƙasar ake yi wa kuɗin goro da sunan "Aladji". Da wannan katako aka rufa gidaje da makarantu da masallatai masu yawan gaske a yankin da ba shi da dajin kansa.

Binciken da cibiyar CIFOR ta yi shekaru da dama da suka wuce ya nuna cewa mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwannin cikin gida na Kamaru, da wanda ke tsallakawa Cadi, daga hannun masu ƙananan injinan zarto yake fitowa, waɗanda ba su da izini ko kaɗan. Ba wai duk sun zaɓi karya doka ba ne. Ƙananan takardun izinin da doka ta tanada domin irinsu, an dakatar da bayar da su daga 1999 har zuwa 2006, kuma ko bayan dawo da su samun su sai mai ƙafa a Yawunde. Gine-gine kuwa ba su tsaya ba. Sai sana'ar ta koma tafiya a kan "na goro": kowane shinge da farashinsa, jami'in gandun daji nasa, jandarma nasa, ɗan sanda nasa. Takardar rakiya ta dajin al'umma ta zama haja da ake saye domin a lulluɓe kayan da ba daga can suka fito ba.

A nan ne lissafin ya ɓaci ga kowa in ban da mai tsaye a shinge. Gwamnati ba ta samun haraji. Ƙauyen da aka sare bishiyarsa ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan kasuwa ya biya kuɗi mai yawa a hanya, amma ba shi da rasit ɗin da zai nuna wa kowa, ranar da aka ƙwace kayansa kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Wanda zai rufa ɗaki a Kusiri shi ke biyan jimillar a ƙarshe. Duk lokacin da aka ƙara wata sabuwar takarda ba tare da an buɗe hanyar da ƙaramin ɗan kasuwa zai same ta ba, abin da aka ƙara a zahiri shi ne farashin shinge.

Ba za a ce masu son tsaurara doka ba su da hujja ba. Labarin madobiya ya isa shaida. Wannan bishiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso, makiyaya sun san ta da ganyen da dabbobi ke ci a ƙarshen rani. Da kasuwar kayan ɗaki na alfarma a ƙasar Sin ta gano ta, cikin 'yan shekaru aka bi ta da zarto daga Gambiya da Kasamas zuwa Benin, har ta kai ga jihar Taraba da tsallaken iyaka a Kamaru. A farkon 2017 ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, ma'ana ba a fitar da ita sai da izini na musamman, bayan masana sun tabbatar cewa saran ba zai ƙarar da ita ba. A wannan shekarar ce ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoton da ya yi zargin cewa an sa hannu a kan dubban takardun izini a Najeriya bayan kayan sun riga sun isa Sin. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a 2022 kuma matakin ya game sauran ƙasashen da take tsirowa, ciki har da Kamaru, Cadi, Nijar da Ghana. Abin da wannan ya nuna shi ne takarda ita kaɗai ba ta tsare daji: ɗimbin madobiya ta fita ne da hatimi a jikinta.

Akwai wani abu da 'yan kasuwa da dama ba su farga da shi ba tukuna. A taron CITES da aka yi a Panama a watan Nuwamban 2022, an sa maɗaci da kawo da danginsu na Afirka a wannan rukuni na biyu. Yarjejeniyar ba ta ce sai katakon da zai je Turai ko Asiya ba; kowace iyakar ƙasa iyaka ce. A ƙa'ida, falankin maɗaci da ya tashi daga Kamaru zuwa Cadi yana buƙatar izinin CITES kamar wanda zai je Shanghai. Yau ba kasafai ake tambaya ba a ƙananan iyakoki. Ranar da aka fara tambaya, ba wanda zai ce dokar sabuwa ce.

Daga ɓangaren Turai ma iska ta sauya. Kamaru ta sa hannu a yarjejeniyar FLEGT da Tarayyar Turai a 2010, da niyyar ta riƙa ba katakonta lasisin da zai sa ya shiga kasuwar Turai ba tare da ƙarin bincike ba. Ba ta taɓa bayar da ko ɗaya ba, har Tarayyar ta ɗauki matakin kawo ƙarshen yarjejeniyar. Ghana, wadda ta sa hannu tun 2009, ita ce ta kai gaci a 2025, ta zama ta farko a Afirka, ta biyu a duniya bayan Indunusiya. Shekara goma sha shida ke nan, kuma ita ma har yau ba ta raba kasuwarta ta cikin gida da katakon zarto ba, duk da ta haramta shi tun 1998. Sannan ga sabuwar dokar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka, wadda aka ɗage fara aiki da ita amma ba a soke ta ba. Tana neman a nuna ainihin filin da itace ya fito a taswira, a kuma tabbatar ba a share dajin bayan 31 ga Disamban 2020 ba. Ba ta tsaya ga gungume da falanki ba: ta haɗa da gawayi, da itacen girki, da ɓarzajjen itace da ake yin takarda ko a ƙona a tashoshin lantarki. Mai tunanin tara ragowar injin tsaga katako ya sayar a Turai, shi ma sai ya iya faɗin filin da ɓarzar ta fito. Najeriya kuwa a ƙarshen 2025 ta sanar da haramta fitar da itace da dangoginsa, tare da soke lasisin da aka bayar a baya.

Hana fitar da gungume zai iya yi wa hanyar arewa amfani ta wata fuska. Idan aka tilasta tsaga komai a gida, masana'antu za su samu ɗimbin katako mai daraja ta biyu da ta uku wanda mai saye a Turai ba ya so, amma kafinta a Marwa zai karɓa da hannu biyu. Wannan katako ne mai asali, mai takarda. Sai dai ya fi na zarto tsada, saboda harajin da ke kansa, kuma ba a Belabo ko Ngawundere ake rabon takardunsa ba. Muddin ɗan kasuwar da jarinsa bai wuce mota ɗaya ko biyu ba sai ya je Yawunde kafin ya yi rajista, kuma bayanin dokar bai zo masa da harshen da yake ciniki da shi ba, zai ci gaba da lissafa kuɗin shinge a cikin farashin kaya kamar yadda yake lissafa man mota.

Ƙungiyoyin masu sayar da katako na garuruwan arewa suna da abin da za su nema kafin 2028, kuma ba sassaucin doka ba ne: ofishin rajista a kusa da su, farashin takarda da aka rubuta aka liƙa a bango, da yarjejeniya tsakanin Kamaru da Cadi da za ta amince cewa motocin da ke haye gadar Ngeli kowace rana fitar da katako suke yi, kamar jiragen da ke tashi daga Duwala. A tarukan da aka yi kan wa'adin CEMAC, muryar manyan kamfanoni da ta ma'aikatun kuɗi aka fi ji, ita ce ma ta sa aka ɗage shi har sau biyu.