Lafazin Faris ba shi ne cancanta ba

A ƙarshen watan Yuli na 1899 ne dakarun Faransa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga birnin Zinder. Tun daga lokacin Faransanci ya zama harshen bariki, wanda ya fi iya kwaikwayon bakin komanda kuwa shi ya fi kusa da albashi. Komanda ya tattara kayansa a 1960, amma kunnen da ya bari yana nan a ɗakunan gwajin ɗaukar ma'aikata.

Yaro ya tashi a Tirmini, ya yi lakwal, ya gama jami'a, ya ci rubutacciyar jarrabawa. Ranar gwajin baka sai «p» ɗinsa ta fito «f», tun da Hausa ba ta raba su, masu gwaji su dubi juna su murmusa, maki ya ragu. Shin laifin me ya yi? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗan Marseille da ɗan Kebek ma ba bakinsu ɗaya da ɗan Faris ba, ba kuwa wanda ya ce ba su iya Faransanci ba. Wanda wannan ma'auni ke ɗagawa shi ne ɗan da ya tashi gidan da ake Faransanci a bakin akushi, ɗan manomi kuwa ya koma gida da takardunsa.

Ba cewa ake yi a yafe wa ma'aikaci kwamacala ba. In malamin asibiti ya yi bayanin magani ba a gane ba, rai ne ke cikin haɗari. Amma ganewa daban, lafazi daban. Ƴan kasuwar Damagaram sun riga gwamnati sanin haka: daga Kantin Kwari na Kano har Dubai, ba a taɓa rage wa mutum farashi don zaƙin bakinsa ba, cika alkawari ake dubawa.

A kuma tambaya: ma'aikacin da aka tura Tirmini, da wa zai yi magana? Da manoma da mata masu awon ciki, waɗanda ba ruwansu da Faris. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kundin 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Sai dai a yi hattara kada a sauya wa cutar riga: Bazabarme ko Ba'abzine da ke Hausa da karin gidansu, ba a yi masa dariyar da aka yi wa Bahaushe jiya ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikatar kula da ma'aikata ta rubuta ma'aunin gwajin baka, ta manna shi a ƙofa kowa ya gani: sanin aiki, tsara magana, da iya fahimtar da mutanen wurin da za a tura mutum. A fitar da lafazi daga lissafi baki ɗaya.