Waya Nawa Ce a Cikin Kalmar "Waya"? Kyamarar Tsaro da Giɓin Keɓaɓɓun Kalmomi

Kalmomin aro kaɗan ne suka ɗauki kaya irin wanda kalmar "waya" ta ɗauka a Hausa. Da ita aka kira tangarahu, da ita aka raɗa wa gidan waya suna, ita ce tarho, ita ce salular da ke aljihu, ita ce kuma igiyar ƙarfen da ke kawo lantarki cikin ɗaki. Ga manazarcin ma'ana, wannan yalwa abin sha'awa ce. Ga ɗan kasuwar da ya kira ma'aikaci ya kafa masa kyamarar tsaro a shago kuwa, yalwar tana iya zame masa asara, domin a takardar lissafin da za a miƙa masa layi ɗaya tak zai gani: waya, mita kaza, naira kaza.

Alhali wayoyin da wannan aiki yake bukata sun sha bamban. Kyamara irin ta da tana aika hoto ne ta waya mai zuciyar ƙarfe guda ɗaya da aka naɗe da raga, wadda aka fi sani da lambar RG59, sannan tana shan wutarta, galibi bolt 12, ta wata waya daban. Kyamarar zamani mai aiki da tsarin intanet tana amfani da kebul irin su Cat5e da Cat6, masu silli takwas da aka murɗe bibbiyu. Kebul ɗin nan yana iya ɗaukar hoto da wuta a lokaci guda, amma ƙa'idarsa kada tsawonsa ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Wanda bai san wannan iyaka ba, ba zai tambayi dalilin da aka ja masa waya ɗaya daga ƙofar gida har ƙarshen gona ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfen da ke cikin robar. Akwai waya ta jan ƙarfe zalla, akwai kuma wadda cikinta sanholo ne aka yi masa ruwan jan ƙarfe a bisa. A ido duk ɗaya suke. Sai dai sanholo ba ya wuce da lantarki kamar jan ƙarfe. Kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake wucewa da shi ne iyakarsa, ga shi da saurin karyewa a wurin haɗi. Idan waya ta yi tsawo, ƙarfin wutar yana raguwa kafin ya isa kyamara. Da rana wannan ba ya bayyana, don haka ma'aikaci zai nuna wa maigida hoto tangaram, ya karɓi kuɗinsa, a yi sallama cikin mutunci. Da dare ya yi, ƙananan fitilun da kyamara take gani da su cikin duhu sai su kunna kansu, bukatar wuta ta ƙaru, hoto ya fara rawa ko ya ɗauke baki ɗaya. Wato a daidai sa'ar da aka sayi kyamarar dominta, a nan take makancewa. Maigida zai zagi kyamara, ya zagi wutar lantarki, ba zai taɓa zargin abin da aka binne a bango ba, saboda ba shi da sunan da zai kira shi.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kayan aikin bambance waɗannan abubuwa ba. Harshen da maƙera suka raina ya san jan ƙarfe, ya san tagulla da dalma da kuza da goran ruwa. Matan da ke sayen ɗankunne sun daɗe da sanin bambancin zinariya da abin da aka yi wa ruwan zinariya. Saboda haka "waya mai ruwan jan ƙarfe" magana ce da kowane Bahaushe zai gane nan take, kuma zai san ta kankarewa da wuƙa ake gwada ta: in fari ya leƙo, sanholo ne.

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a jami'o'i ya fi karkata ga fannin da malaman suke koyarwa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi da hanyoyin koyarwa hidima babba, kuma da wannan manufa aka shirya shi. Sana'o'in da ake hawa tsani domin su ba su sami irin wannan gata ba. Za a iya cewa masu sana'ar sun wadatu da "kebul" da "wayarin" da lambobin Turanci, kuma aro ba laifi ba ne. Haka ne, tsakaninsu suna fahimtar juna sarai. Wanda aka bari a duhu shi ne mai biyan kuɗi, kuma duhun nasa riba ce ga marar amana daga cikinsu.

Ba a ofis za a ƙirƙiro waɗannan kalmomi ba. Ɗalibin digiri na biyu da zai yi wata uku tsakanin masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, yana bin ma'aikata zuwa wurin aiki, zai ji yadda suke kiran kan haɗi, da bututun da ake zura waya don kada ɓera ya ci ko rana ta farfasa robar, da zanen da ke yawo a hoto idan an jera wayar kyamara kusa da ta lantarki. Abin da ya riga ya sami suna sai a rubuta shi yadda aka ji shi. Abin da bai samu ba, a koma wa masu sana'ar da shawarar suna, a ga ko bakinsu zai karɓa.