Hattara Matasa: Ruwan Tiga Ba Ya Jiran Mai Jiran Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasa, akwai wata cuta da ta shigo mana sannu a hankali, ba zazzaɓi ba ciwon kai, amma tana cinye mana jari mafi tsada da Allah Ya ba mu, wato lokaci. Cutar ita ce zaman jiran waya ta yi ƙara. Duk wanda ya ratsa majalisun samari daga Panshekara zuwa Sheka a nan Kumbotso, ko ya gangara Kura da Bunkure, zai ga majiya ƙarfi sun sunkuyar da kai, a ciro waya a duba, a mayar aljihu, kafin minti biyu a sake cirowa. Har liman na kan mumbari wani hannunsa na cikin aljihu yana jiran girgiza. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ba mu manta da shekarar 2024 ba. Bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu 'yan kuɗi, sai samari suka ruɗe da mainin, ana ta dangwalar Hamster Kombat dare da rana, ana sayen data, ana biyan kuɗin caji, ana jiran sanarwa. Da ranar 26 ga Satumba ta zo aka yi rabo, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. An yi kukan kwana biyu, aka koma jiran wata.

Ya kamata mu fahimci cewa wannan ƙara da gangan aka ƙirƙiro ta. Kamfanonin da ke da waɗannan manhajoji da talla suke cin abinci, kuma gwargwadon daɗewar idonka a kan waya, gwargwadon ribarsu. Shi ya sa da sun ga ka yi nisa sai su turo maka ɗan saƙo, yau mai daɗi, gobe fanko, don kullum zuciyarka ta zauna cikin "ƙila wannan ne". Haka mai caca yake ji. To wa ke riƙe da wani a nan, kai ko wayar?

Abin takaicin shi ne muna zaune a bakin arziki. Tun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, kuma ruwanta ne ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Shi ma manomin rani jira yake yi, amma sai da ya zuba iri ya fara jiransa. Ya san alkama da sanyin hunturu take tafiya, in Nuwamba da farkon Disamba suka wuce bai shuka ba, shekarar ta tafi. Ya san in aka sako ruwa layinsa bai buɗe wa gonarsa ba, zai wuce gonar wani. Shinkafar Kura da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Legas, babu ko kwando ɗaya da dangwale ya samar.

Wani zai ce ai waya na da amfani. Ƙwarai kuwa. Da ita manomi ke jin farashi kafin ya tsinke tumatirinsa, da ita yake ganin alat in dillali ya biya shi. Amma lura, wannan alat ɗin gumi ne ya riga shi zuwa. Wanda bai sayar da komai ba, alat ɗin me yake jira?

Don haka muna kira ga kowane ɗan'uwa, kafin Juma'a mai zuwa ya shiga saitin wayarsa ya kashe sanarwar duk manhajar da ba ta karatu ko sana'arsa ba ce. Ya ware wa saƙonni lokaci, kamar bayan La'asar da bayan Isha'i. In za a shiga masallaci ko makaranta, a kashe ta gaba ɗaya. Wanda ba shi da gona ya nemi aro ko haya, ko ya bi masu dashe da yankan shinkafa, da haka manya suka fara. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Za a tambaye mu yadda muka ƙarar da ƙuruciyarmu. Allah Ya ba mu amsar da ba za mu ji kunyarta ba, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.